Daga Kati Zuwa Waya: Bibiyar Rigakafin Jarirai da Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Gabatarwa

A daminar bara ƙanwata ta yi haihuwar fari. Kamar yadda al'ada ta tanada, a gaban mahaifiyarmu ta haihu, a nan kuma ta yi wankan jego. An yi wa jaririn allurar farko a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu, aka ba ta kati, aka rubuta ranar da za ta dawo. Ranar ta faɗo kwana biyu bayan cikar arba'in, lokacin da tuni ta tattara kayanta ta koma ɗakinta a wani gari mai tafiyar awa uku. Katin ya bi ta a cikin jakar kayan jariri, ruwan sama ya yoyo a kansa, tawada ta narke. Ita kuma ta ga masu ɗigon shan inna sun shigo gidansu har sau biyu, sun shafa wa yaron tawada a ɗan yatsa, sai ta sakankance cewa rigakafi yana tafiya daidai. Ba mu farga ba sai da mashaƙo ya ɗauke ɗan maƙwabciyarta, muka bincika, muka tarar yaronmu mai wata biyar bai taɓa samun allurar da ke kare shi daga wannan cuta ba.

Tun daga lokacin nake bibiyar maganar da ake yawan yi cewa manhajar waya ce za ta raba mu da irin wannan tuntuɓe. Na yarda da hakan, amma da sharaɗi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, manhajar bibiyar rigakafi ba za ta yi amfani a ƙasar Hausa ba sai an gina ta a kan yadda Bahaushe yake raɗa suna, da yadda yake ƙidayar lokaci, da yadda yake kiran cuta, da yadda iko yake a cikin gidansa. Waɗannan kuwa fannonin nazarinmu ne, saboda haka ba mu da uzurin barin aikin ga injiniyoyi da likitoci su kaɗai.

Abin da Ake Son a Bibiya

Jadawalin rigakafin yau da kullum a Nijeriya yana buƙatar a kai yaro asibiti aƙalla sau shida. Da haihuwa ana yi masa allurar BCG ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. A mako na 6 da na 10 da na 14 ana yi masa allurar Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau, tare da ta ciwon huhu da ta shan inna, da ɗigon gudawa da aka shigar cikin jadawalin a 2022. A wata na 9 akwai allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, sannan a wata na 15 a maimaita ta ƙyanda. Wannan lissafi ne da ko mai ilimin boko ba zai riƙe shi da ka ba, balle mai jego da ke fama da raino da girki.

Alƙaluma sun nuna inda muke. Binciken ƙidayar jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka sami dukkan muhimman alluran, jihohin Arewa maso Yamma kuma suna ƙasa da wannan matsakaici. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF na 2023 ya sa Nijeriya a kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba su sami ko da Penta ta farko ba, sama da miliyan biyu. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi yi wa Kano ɓarna, ta nuna abin da wannan giɓi yake haifarwa. Wani kaso na yaran nan iyayensu ne suka ƙi. Amma da yawa irin ɗan ƙanwata ne: an fara, aka tsaya, ba tare da kowa ya yi nufin tsayawa ba.

Abin da Na'ura Za Ta Iya

Adalci ne a fara da faɗin alfanun na'ura. Rajistar da ke cikin rumbun kwamfuta ba ta jiƙewa, gara ba ta cin ta, kuma tana iya bin yaro daga asibiti zuwa asibiti. Tana iya fitar wa malamar asibiti sunayen yaran da ranarsu ta wuce ba su zo ba, aikin da a babban littafi yake cin yini guda. Tana iya aika wa iyaye tuni. Nijeriya ta daɗe tana tattara alƙaluman lafiya ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, ko da yake abin da ake yawan shigarwa a ciki jimillar wata ce, wato yara nawa aka yi wa allura, ba tarihin kowane yaro ba. A yaƙi da shan inna an yi amfani da wayoyi masu nuna wuri don sanin ƙauyukan da masu rigakafi suka taka, kuma wannan yana cikin dabarun da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a ranar 25 ga Agusta, 2020. A lardin Sindh na Pakistan akwai rajistar Zindagi Mehfooz mai bibiyar yaro ɗaya bayan ɗaya, a Indiya kuma shirin Kilkari yana kiran uwa a waya da saƙon murya.

Sai dai akwai darasi daga wani gwaji da aka yi a yammacin Kenya, wanda aka buga sakamakonsa a 2017. A can, saƙon tuni shi kaɗai bai kawo gagarumin bambanci ga cikar rigakafi ba, sai da aka haɗa shi da ɗan tallafin kuɗi. Wato aika saƙo daban, isar saƙo ga zuciyar wanda zai ɗauki yaro ya tafi asibiti daban. A tsakanin waɗannan biyu ne harshe da al'ada suke.

Matsalar Suna

Gurbi na farko a kusan kowace manhaja shi ne sunan yaro, kuma sau da yawa ba a iya wucewa sai an cike shi. Jaririn Bahaushe kuwa ba shi da sunan da aka bayyana sai ranar suna, kwana bakwai bayan haihuwa, alhali allurar ciwon hanta an fi son a yi ta cikin awa 24 na farko. Ma'aikaci zai cike gurbin da sunan uwa ko da wata kalma ta wucin gadi. In aka dawo bayan arba'in da suna na gaskiya, sai na'ura ta ɗauke shi sabon yaro, tarihinsa ya rabu gida biyu.

Bayan suna ma ba a huta ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda kunya. In an mayar wa yaro sunan kakansa, surukar gidan ba za ta furta shi ba, sai ta ce Abba ko Baffa ko Halifa, ga mace kuma Ummi ko Walida ko Hajiya. Wata rana kaka ce za ta kawo yaron ta ba da sunan yanka, wata rana uwa ta ba da laƙabi. Ga kuma bambancin rubutu: Muhammadu da Muhammad da Mamman, ko A'isha da Aishatu da Indo, duk mutum guda ne a wurinmu, amma a wurin kwamfuta mutane shida ne. Manhajar da ta san Bahaushe za ta ba jariri lamba tun ranar haihuwa, ta rataya shi ga sunan uwa da na maigida da unguwa, ta tanadi gurbin sunan yanka da na laƙabi, ta kuma san waɗanne sunaye ne 'yan gida ɗaya. Jerin sunayen nan da sauye-sauyensu yana kwance a kundayen digirin sassanmu, ba wanda ya miƙa shi ga masu buƙatarsa.

Sunayen gargajiya ma rajista ce da kakanninmu suka ƙirƙira. Ɗanladi da Jummai da Talatu suna faɗin ranar haihuwa, Azumi tana faɗin wata, Marka tana faɗin yanayi. Ma'aikacin da ya san wannan zai iya kusantar ranar haihuwar yaron da ba shi da takarda.

Matsalar Lokaci

Jadawalin rigakafi yana magana da makonni da watannin Bature, mai jego kuwa tana ƙidaya da suna da arba'in da tsayuwar wata. Mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Da saƙon zai ce, "Da kin gama arba'in, ki kai jariri a yi masa allurar cinya ta farko," da ya zauna a kan wani turke da babu macen da ke mantawa da shi. Kuma da mai tsara manhajar ya san cewa daidai lokacin ne mai haihuwar fari take barin gidan iyayenta, da ya tanadi tambaya tun ranar farko: a ina za ki zauna bayan arba'in? Wannan tambaya guda da ta ceci ɗan ƙanwata daga watanni uku da rabi na zama ba kariya.

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Wata tara a ƙidayar jinjirin wata kusan kwana 266 ne, a kalandar asibiti kuwa kusan 274. Uwar da ta ƙirga daidai a lissafinta za ta iso da kusan mako guda kafin ranar allurar ƙyanda. In aka ce mata yaro bai kai ba, ta kashe kuɗin mota, ta nemi izinin fita, ta bar aikin gida, ba lalle ta sake dawowa ba. A wata na 15 tazarar tana kaiwa kusan mako biyu. Juya kwanan wata daga wannan kalanda zuwa waccan abu ne mai sauƙi ga na'ura, in dai an gaya mata cewa akwai buƙatarsa.

Akwai kuma ranar asibiti. Kwalbar BCG tana ɗauke da allurar yara 20, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa su dole a zubar da ragowar bayan awa shida. Shi ya sa ƙananan asibitoci suke ware musu rana, su jira yara su taru. Saƙon da ya ba da kwanan wata tsurarsa zai iya tura uwa ranar da ba a buɗe kwalba. Wanda ya ce "ranar Talata mai zuwa, da hantsi" ya fi kusa da yadda ake yin alkawari a ƙauye, inda ranar kasuwa ta fi lambar kalanda ƙarfi.

Matsalar Kalma da Rubutu

Kalmar rigakafi kanta ta sami ƙuntatar ma'ana. Shekaru sama da ashirin na zagayen gida-gida sun sa a kunnen mutane da yawa rigakafi yana nufin ɗigon shan inna da alamar alli a bangon ƙofa. Manhajar da ta tambayi uwa ko an yi wa yaronta rigakafi za ta sami amsar "e", kuma uwar ba ta yi ƙarya ba. Iyaye mata suna bambance allurai da gurbinsu a jiki: ta damtse mai barin lamba, ta cinya mai sa zazzaɓi, da ta baki. Da wannan rabe-rabe ya kamata a yi musu tambaya, da shi kuma ya kamata a tuna musu. Haka nan ya dace saƙo ya faɗi gaskiya cewa allurar cinya takan kawo ɗan zazzaɓi na yini ɗaya ko biyu, domin kukan dare na farko ne yake sa maigida ya hana komawa ta biyu.

Sunayen cututtuka suna ɗauke da fahimtar da ta girmi asibiti. Shan inna yana nuni ga iskar da ake ganin ita ce ta shanye ƙafar yaro, kamar yadda Elisha Renne ta tattauna a littafinta na 2010 kan siyasar cutar a Arewacin Nijeriya. Shawara kuma a bakin jama'a ta haɗa duk wata cuta mai mayar da ido rawaya. Wanda zai rubuta saƙo da waɗannan kalmomi yana buƙatar sanin abin da mai karɓa zai ji, ba abin da ƙamus ya ce kawai ba. Fassarar inji daga Ingilishi ba ta da wannan kunne.

Rubutun ma yana da tarko. Saƙon kar-ta-kwana yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa guda, ɓ ko ɗ ko ƙ, sai tsarin ya sauya, ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Wasu ƙananan wayoyi kuma sukan nuna ɗan akwati a gurbin harafin. Saboda haka masu aikawa sukan zubar da lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Wannan shawara ce ta ƙa'idar rubutu da ake yankewa kullum ba tare da an tuntuɓi masana ba. Bayan haka, mata da yawa da ba su karanta boko suna karanta ajami, wasu kuma ba su karanta ko ɗaya. Al'ummar da ta tashi da rediyo, kuma a yau ta fi son saƙon murya a WhatsApp, murya ce hanya mafi kusa gare ta. Sai a tambaya: muryar wa, kuma da wane kari? Basakkwaciya za ta gane Kananci, amma za ta ji cewa baƙo ne yake magana.

Wayar Wane Ne, Amanar Wa?

A gidaje da yawa waya guda ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa ko gona ko ci-rani. Saƙon da ya fara da "ki kawo" zai faɗa hannun namiji, wanda zai iya ganin an tsallake shi. Nahawun Hausa ba ya barin a ɓoye jinsi a nan: ko dai ka ko ki, ko kuwa a koma ga ku ta girmamawa, ko ga a ta boye mai aiki. Zaɓen wakilin suna guda yana iya yanke hukuncin ko za a je asibiti. A ganina ya kamata a yi rajistar lamba biyu, ta uwa ko wata makusanciyarta da ta maigida, kowa da irin lafazin da ya dace da shi, domin izinin fita da kuɗin mota daga gare shi suke fitowa. Kaka da ungozoma da mai unguwa su ma suna da ta cewa, kuma jerin yaran da suka makara ya fi amfani a hannun wanda zai iya yin sallama a ƙofar gida.

Sai batun amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wanda bai dawo a jihar ba sai a tsakiyar 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yanzu za a zo a ce a ba da sunan jariri da na uwarsa da lambar waya da taswirar gida, a adana a wani rumbu da ba wanda ya san inda yake. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ba da muhimmanci ga yardar mai bayani. Amma yardar da aka karɓa da takardar Ingilishi da dangwalen yatsa suna ce kawai. Sai an iya gaya wa uwa da Hausar da take ji wane ne zai ga bayanan ɗanta, da me za a yi da su, da yadda za ta janye in ta so. Kalmomin da za a yi wannan bayani da su ba su gama daidaituwa ba tukuna.

Kada a Yar da Kati

Wasu na ganin in manhaja ta zo, kati ya gama aiki. Ban yarda ba. Wuta tana ɗaukewa, caji yana ƙarewa, sabis yana yankewa, layi yana ɓata ko a rufe shi, shirin da masu tallafi suka kawo kuma yakan tsaya ranar da kuɗinsu ya ƙare. Iyalin da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Daura da Damagaram, ba su da rumbu guda da ya haɗa ƙasashen biyu. Takardar hannunsu ce kaɗai take tsallake iyaka tare da su. Fiye da haka, kati shi ne kason uwa a cikin wannan ilimi. In aka kwashe komai aka zuba a na'urar ma'aikaci, an mayar da ita mai jiran a gaya mata. Abin da ya dace shi ne su yi tafiya tare: kati mai jure ruwa, mai Hausa a boko da ajami, mai zanen gurbin kowace allura, da lambar da ke haɗa shi da rajistar kwamfuta. Ko ɗaukar hoton katin da waya bayan kowace allura, wanda ba ya cin ko kwabo, da ya wadatar a lamarin ƙanwata.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna za su iya zama da ma'aikatan lafiya da iyaye mata su fitar da daidaitattun kalmomin rigakafi, a gwada su a karuruwan Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau da Haɗejiya kafin a buga. Za su iya tattara sunaye da laƙubba da sauye-sauyen rubutunsu cikin tsarin da na'ura za ta karanta. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya ɗaukar saƙonnin da ake aikawa yanzu su auna abin da masu karɓa suke fahimta daga gare su, wanda bincike ne na ma'ana da na walwalar harshe kamar kowane. Hukumar kula da lafiya a matakin farko da ma'aikatun jihohi kuma ya kamata su sa sharaɗin cewa duk manhajar da za a kawo sai masanin harshe da al'ada ya zauna a teburin tsara ta tun daga farko, ba a kira shi a ƙarshe ya fassara maɓallai ba.

Ɗan ƙanwata ya cike alluransa daga baya, Allah ya kiyaye shi a watannin da ya yi a buɗe. Sabon katinsa yana cikin leda, hotonsa yana wayoyi uku, ranar allurar wata goma sha biyar kuma mun rubuta ta da kalanda biyu. Mu muka yi wa kanmu wannan tsari bayan mun sha tsoro, kuma babu dalilin da zai sa kowane gida sai ya sha irinsa kafin ya samu.